Takardar Bargon Baƙo

"Ni nawa bargon wace takarda kika sa masa?"

"Mai yankewa, Maigida. Sau nawa zan faɗa?"

"Nasa fa?"

"Mai narkewa. Fatarsa ba ta son kaushi."

"Au, ni tawa fatar ta jaki ce?"

Mai surfani ta juya kan aikinta. Ta shimfiɗa takardar a ƙarƙashin bargon baƙon don kada zare ya tattare yadin, ta ɗaure su a zoben ɗame yadi, ta danna keken surfani ya kama aiki da kansa.

Maigida ya san takardun nan sarai, tunda a shagon yake wuni, ba aikin fari bare na baƙi. Mai yankewa a bayan ɗinki take zama har abada, ta yi ta kartar mutum yana barci. Mai narkewa kuwa wanki ɗaya ta tafi, bargo ya yi laushi kamar allura ba ta taɓa shi ba. Can saman kanta ake ɓoye ta, ba kowa ake sauko wa da ita ba.

Tun da baƙon nan ya sauka, gidan ya juye. Mutum ba gaisuwa, ba ya ɗauke ko cokali, daga ci sai barci, amma ya yi tari ɗaya kowa ya miƙe. Da kunnensa Maigida ya ji mai surfani ta ce wa baƙon "angona", sunan da a da nasa ne shi kaɗai. Yau kuma takardar saman kanta. Aka gama bargon nan, shi kenan, an sauke shi.

Ta fita amsa waya. Maigida ya ɗauko kofin ruwa da hannu biyu, ya tuttule ruwan a kan zoben.

Takardar ta narke ta zama yauƙi. Keke bai tsaya ba. Yadi ya tattare, furen da ake zanawa ya yamutse, allura ta karye ƙas.

Salatin da mai surfani ta saka da ta dawo ne ya fito da 'yarta daga ɗaki, baƙon a kafaɗarta.

"Maigida! Me ya yi maka?" in ji mai surfani.

Maigida ya ja wandonsa da ke zamewa, ya share majina, ya ɗaga kai ya harari jaririn.

"Ki zaɓa, Kaka. Ko ki sake shi yau, ko Mama ta mayar da shi asibiti a canzo mana mota."