Miyar da Ba Gishiri

Malam Zarami ya zo zance tun daga Nguru har Gashuwa, amma maimakon turare, takardar asibiti ya miƙo wa Hajja Fanna.

"Ƙofar zuciyar da likitoci suka canja mini ta hanyar jijiyar cinya ta zauna," in ji shi, idonsa a tabarma. "Sai dai gwajin jini ya nuna zuciyar tana wahala. Masu irin lambar da gwajin ya ba ni ba duka ke yin nisa ba. Hajja, a fasa auren nan, kada in sa ki takaba ta biyu."

Ta dube shi, gemu fal furfura, kai a sunkuye kamar saurayin fari.

"Marigayi mijina lafiyarsa ƙalau, kogi ya ci shi," ta ce. "Shi wace lamba gare shi?"

Ta tashi ta dire masa kwanon miya.

"Tun da aka hana ka gishiri nake koyon miya ba gishiri ba kanwa, har jikokina sun ƙaurace mini. Wa kake so ya sha? Ci, Malam. Ran Juma'a ka turo wakilinka."

Miyar salam, ko akuya ba za ta kalla ba. Ya suɗe kwanon, ya miƙo a ƙara.