Ƙafar Japhet

Ranar da aka ce soja sun ƙi ɗaukar ɗanta Japhet saboda ɗingishi, Saloma ta shige ɗaki ta taka rawa. Yaƙi ya riga ya cinye mata miji.

"Mama, murna ma kike yi?" in ji Japhet.

"Ɗana, ƙafar nan da kake tsine wa ita ta cece ka. Zauna ka yi nomanka."

Da kaka 'yan bindiga suka faɗa gonakin garinsu Danko, a ƙasar Zuru. Kowa ya ruga daji, Japhet kaɗai ya kasa gudu. Bai sake dawowa gida ba.

Abokansa da suka shiga soja kuwa duk sun dawo Zuru bikin Kirsimeti, lafiya ƙalau.

Har yau kowace safiya Saloma takan ɗora ruwan gasa masa ƙafa, ta zauna har ya huce.