Hannun da Ke Kashe Wutar Baba

Na'urar da ke ba Baba iska ta sake mutuwa, karo na uku tun safe. Na ruga ɗakin batir, na tarar babban makunnin yana ƙasa, na mayar da shi sama. Baba na ta haki.

Na kira mai gyaran sola, yana shigowa na tare shi. "Don Allah cire abin nan, ka haɗa wayar kai tsaye."

"Haba ƙanwata, so kike gidan ya kama da wuta?" Ya auna komai, ya girgiza kai. "Lafiyarsa ƙalau. Hannu ne ke kashe shi."

Wa ke neman ran Baba a gidan nan? Na laɓe bayan ƙofa.

Can sai ga Kaka, mahaifiyar Baba, tana dogara sanda. Ta kai hannu kan makunnin, na riƙe ta.

"Ke, sake ni," ta ce cikin raɗa. "Kun ishe ni da fanka da talabijin. Kashewa nake don in tara wa ɗana wutar, kada ta ƙare ya rasa numfashi."