Jajayen Ɗigo Goma Sha Ɗaya

Ɗigo na farko ya bayyana a allon ofis ran Litinin, ja wur, a kan asibitin bakin tasha.

Jami'in bayanai bai kula ba. Wata shida ke nan da aka ba ma'aikatarsu ta lafiya tallafi, aka raba wa ƙananan asibitoci kwamfutocin hannu, aka ce kowace nas ta yi wa mara lafiya tambaya ashirin ta turo amsa, in wata cuta ta ɓulla allon ya nuna jan ɗigo a wurin. Shi kuwa allon bai taɓa kamo ko atishawa ba. Darakta ta riga ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in masu tallafi suka zo ba abin nunawa, da allon da kujerarsa tare za su tafi.

Washegari ga wani ɗigon, ga wani kashegarinsa. Kullum ɗaya, kullum a sabon asibiti, duk a kan hanyar bas guda. Mata ne, tsofaffi, kukansu iri ɗaya: jiri, ciwon gwiwa, rashin barci. Ba sunaye, don tsarin ba ya nuna su.

Allah Ya yafe masa, daɗi ya ji. Ya daina cin abincin rana. Ko a gida idonsa na kan waya. Mahaifiyarsa ta dawo daga unguwa, ta cire takalmanta da suka yi buɗu-buɗu, ta zauna da ƙyar.

"Auta, yau kam ƙafar nan..."

"Inna, don Allah anjima. Rayukan mutane ne a hannuna."

Ta ce to, ta shiga murza ƙafarta da kanta.

Ranar da ɗigo ya kai goma sha ɗaya, ya sa rigarsa ta fita kunya ya tsaya gaban masu tallafi. Ya nuna yadda cutar ke bin hanyar bas. Har suna ya raɗa mata. Ya karanta bayanin da wata nas ta rubuta: "Ta ce a nan kaɗai ake tambayarta yadda ta kwana." Ya ce wannan ma alama ce, cutar ta fara taɓa ƙwaƙwalwa. Aka yi ta gyaɗa kai.

Wani mai tabarau ya tambaya ko an taɓa magana da iyalan matan. Darakta ta ce abu mai sauƙi, ita tana da izinin buɗe sashen makusanta. Ta buɗe, ta ƙura ido, ta ɗaure fuska.

"Ikon Allah. Su goma sha ɗayan duk lambar waya ɗaya suka bayar, kowacce ta ce ta ɗanta ce. Wane irin ɗa ne wannan?"

Jami'in ya ce lallai a kira shi yanzu, a gaban kowa, ya sha faɗa.

Darakta ta danna lambar, sai wayar da ke aljihun jami'in ta fara ruri.