Likitan Duna

Tun daga zaure warin ya tare shi, irin na kifin da ya ruɓe a rana. Sammani ya jingine babur, ya kakkaɓe lakar hanyar Yasore daga wandonsa, ya ciro farar riga daga jaka ya ɗora. Ta matse shi a kafaɗa kamar kullum.

Zuwairatu, matar da ke kula da tsohuwar gidan, ita ta kira shi a waya da safe. Duna, karen tsohuwar, ya sake fara jan gindi a ƙasa, yana ta lasar ƙarƙashin bindinsa, ya ƙi abinci. Sammani bai tambayi komai ba. Ya rufe ƙofa, ya zuba mai, ya kamo hanya daga Safana.

Gwaggo Asama'u na zaune kan tabarma a gindin dalbejiya, karen na kwance kusa da ƙafarta. Tun da mijinta, wanda mafarauci ne, ya rasu, tunaninta ya fara zubewa kaɗan-kaɗan. Yanzu ba ta yarda namiji ya tako mata tsakar gida. Bara wani ya shigo da sallamarsa, ta yi ta ihun ɓarawo har maƙwabta suka taru. Likitan Duna kaɗai take bari.

“Likita, ka makara,” ta ce.

“Ruwa ya ɓata hanya, Gwaggo. Ina wuni? Ya ƙarfin jiki?”

“Jikina lafiya lau. Shi za ka duba.”

Ya sunkuya ya shiga madafa, ya ɗauko tukunyar ruwan ɗumi da gishirin da ke bayan tulu. Ya sa safar hannu ta roba, ya ɗaure bakin karen da tsumma, Zuwairatu ta riƙe kan tana kau da fuska.

Abin dai shi ne bai canja ba. Wasu 'yan jakunkuna biyu ne a gefen duburar kare, da ya kamata su riƙa zubar da ruwansu duk lokacin da ya yi kashi. Na Duna toshewa suke yi. Su cika, su kumbura, in an bar su su zama ƙurji. Sammani ya gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ya lalubo su da yatsu biyu, ya matsa a hankali. Karen ya yi wani siririn kuka. Ruwa mai kauri ya fito, na hagu har da ɗigon jini. Zuwairatu ta yi tsaki ta tofar da yawu.

Malam Nurain na ofishin dabbobi a Safana ya riga ya faɗa masa gaskiya. Maganin abin gaba ɗaya shi ne a yanke jakunkunan, amma Duna ya daɗe da ciwon ƙoda, in aka yi masa allurar barci ba lalle ya farka ba. Magani mai ƙarfi ma ƙodar ba za ta ɗauka ba. Saura kawai gashi, da matsa, da dafaffen kabewa a cikin abinci don kashin ya yi kauri. “Lallaɓa shi kawai kake yi,” in ji Nurain. “Ka shirya ranka.”

Sammani ya wanke wurin, ya shafa magani, ya kwance tsumman. Ya bi haƙarƙarin karen da tafin hannu. Ya ƙara ramewa. Kwanon ruwan da aka cika masa ɗazu ya riga ya ƙafe.

A bakin rijiya, yana cuɗa hannuwansa da ƙasa da sabulu, Zuwairatu ta matso ta rage murya.

“Wai har yaushe? Dubi idanunka. Hanyar nan ba lafiya gare ta ba, mutanen daji ba su daina tare mutane ba. Karen nan ma wahala yake sha.”

“Ki dai ci gaba da ba shi kabewar.”

“In ya mutu fa?”

Sammani ya ƙara ɗebo ruwa. Ya daɗe yana wanke hannun da ya riga ya fita.

Da ya koma gindin dalbejiya, Duna ya samu sauƙi, har ya ɗora haɓarsa a kan tabarma. Tsohuwar ta nuna wa Sammani turmi ya zauna, ta sa aka kawo masa fura. Wannan ne ɗan lokacin da yake samu. Ya sha a hankali, yana kallon hannuwanta, yana sauraron labarin farautar da ya ji ya fi a ƙirga. Rana na ta sauka, ya san ya kamata a ce ya kama hanya tuni, amma bai tashi ba sai da furar ta ƙare.

Ya miƙe, ta riƙo gefen farar rigar.

“Likita, ka ce a Safana kake ko?”

“A can nake.”

“Ina da ɗa a can, tela ne, shagonsa na kusa da tasha. Ya manta da ni. Kai bare kana zuwa saboda kare, shi ko leƙe.” Ta share ido da gefen zani. “Don Allah in ka gan shi, ka ce ya zo ko sau ɗaya ne, kafin in mutu.”

Sammani ya gyara wuyan rigar da ya aro a wurin Nurain, ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa ya ce, “Zan faɗa masa, Gwaggo.”