Abin da Kalangu Ya Faɗa

Nafi'u mai situdiyo ya goge sunan Mati mai kalangu daga faifan kiɗan jaz, wai na'ura ta gama koyon hannun Mati a kiɗa.

"Baba, zo ka buga na ƙarshe," in ji shi. "Mai sanyi, ba waƙa."

Mati ya ce to. Ya matse kalangu a hammata, ya buga a hankali kamar mai lallashin jariri. Ya san Nafi'u da na'urarsa ba sa jin maganar kalangu.

Yanzu kuwa, duk kiɗan da aka ɗora wa lasifikokin bangon gari shekara yake yi, ba a kashewa. Ranar da faifan ya hau, mahauta suka ajiye wuƙa, suna maimaita abin da kalangun ke faɗa da dariya: "Nafi'u ɓarawon hannu!"

Kafin sati, Nafi'u ya kwashe iyalinsa ya bar garin ubansa.