Hannun Wace Ce?

Muna bakin titin jirgin ƙasa, saurayina Dogo yana jiran jirgi don ya ɗauke shi hoto, ni ina latsa tsohuwar kyamararsa. Sai ga hoton malam-buɗe-littafi a kan hannun mace, har da jan farce.

"Dogo, hannun wace ce wannan?"

"Ƙwaron na ɗauka."

"Kar ka raina min hankali. Gwangwanin nan naka ba ya ɗaukar ƙwaro sai ka kusa manna masa hanci. Har numfashinka ta ji."

Jirgi ya taho. Na ɓoye kyamarar a bayana.

"Faɗi sunanta ka karɓa."

Mutumin da ke barin abinci saboda jirgi, wallahi ko waiwayawa bai yi ba. Kansa a ƙasa har jirgin ya wuce. Na dire masa kyamararsa, na kama hanyar gida.